Ciwon Haƙori: A Cire Ko A Gyara? Abin Da Likita Yake Dubawa Kafin Ya Yanke Hukunci

 Yau zancen haƙori za mu yi, kuma na san tun yanzu wasu sun kai harshe kan wani haƙori can gefe suna taɓawa. Ku bar shi tukuna, ku saurara.

Duk wanda ciwon haƙori ya taɓa hana shi barci ya san abin da ake faɗa wa likita da safe: "Likita don Allah a cire shi kawai in huta." Sai likita ya ce a dakata, a ɗauki hoto. Kai a ranka kana cewa ga neman kuɗi nan. To, shi likitan ba zafin da kake ji yake aunawa ba. Haƙorin da ya fi azaba sau da yawa ana iya cetonsa, wanda kuma ya yi shiru shekara biyu yana iya zama ya riga ya gama. Abin da likita yake son sani shi ne, me ya rage na haƙorin?

Bari mu fara da yadda haƙori yake. Farin da kake gani a madubi ɓawo ne mai tauri. A can tsakiya akwai ɗan ɗaki mai ɗauke da jijiya da hanyoyin jini, daga ɗakin kuma wasu siraran hanyoyi sun gangara ta cikin saiwa har ƙashin muƙamuƙi. Haƙoran gaba saiwa ɗaya gare su. Turmi na ƙasa yawanci biyu, na sama uku, hanyoyin cikinsu kuma kan kai uku ko huɗu. Idan kogo ya ci ya ci har ya isa ɗakin nan, ƙwayoyin cuta suka shiga, jijiya ta kumbura a wurin da ba ta da filin kumbura, shi ne zugin nan na tsakar dare.

Wata rana sai zugin ya ɗauke ɗif. A nan mutane da yawa suke cewa alhamdulillahi, kanumfari ya yi aiki. Kanumfari yana rage zafi, gaskiya ne, amma sau da yawa abin da ya faru shi ne jijiyar ta mutu. Ƙwayoyin cutar suna nan, sun samu ɗakin da jini ba ya shiga, suna gangarawa ƙarshen saiwa suna tara mugunya a cikin ƙashi. Shi ya sa kafson da ka saya a kemis ba zai gama da su ba. Magani ta jini yake tafiya, ɗakin nan kuwa jini ya daina zuwa. Kumburin zai sauka, bayan wata biyu ya dawo.

Saura hanya biyu kenan. Ko a cire haƙorin da ɗakin gaba ɗaya, ko a buɗe ɗakin a kwashe matacciyar jijiyar, a wanke hanyoyin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a toshe su da wani irin danƙo, a rufe. Wannan na biyun shi ake kira rut kanal. Idan aka yi shi yadda ya kamata, kusan haƙora 9 cikin 10 suna ci gaba da aiki shekara da shekaru.

To yaya ake zaɓa? Likita zai ɗora abu mai sanyi a kan haƙorin ya ga ko jijiyar tana da rai. Zai ƙwanƙwasa shi. Zai girgiza shi. Zai sa wani ɗan siririn ƙarfe mai awo tsakanin haƙori da dasashi, wanda a lafiyayyen baki ba ya wuce milimita 3. Sannan hoton eksire, inda mugunyar takan fito kamar baƙin tabo a ƙarshen saiwa. Ga wani abin mamaki: girman tabon nan shi kaɗai ba ya sa a cire haƙori. Idan aka tsabtace hanyoyin, ƙashi yana iya cike gurbin da kansa a hankali.

Abin da ya fi damun likita shi ne bango. Bayan an kankare duk inda ya ruɓe, me ya rage a tsaye? Haƙorin da aka yi wa rut kanal, musamman turmi, yawanci sai an sa masa hula, wato murfin da zai rufe shi don kada ya fashe wajen tauna. Hular nan kuwa sai ta samu abin kamawa, aƙalla milimita ɗaya da rabi zuwa biyu na lafiyayyen haƙori a saman dasashi, a kewaye. Idan ruɓa ta cinye har ƙasan dasashi, ko da an wanke saiwar tas, kamar ɗora rufin kwano ne a gidan da gara ta cinye azararsa. Za ka biya kuɗi, ka yi zuwa biyu ko uku, ranar da ka ciji ƙashin tsire ya ɓare. Likitan kirki zai gaya maka wannan tun farko.

Sai tsagewa. Idan tsaguwa ta tsaya a sama, akwai magana. Idan ta bi saiwa ta gangara, babu cikon da zai rufe ta, ƙwayoyin cuta sun samu titi. Wannan yawanci cirewa ne. Matsalar ita ce irin wannan tsaguwa ba kullum take fitowa a hoto ba, wani lokaci sai an buɗe ake ganinta. Don haka idan likita ya ce maka "zan fara, amma in na tarar da tsagewa za mu canza shawara," ba kame-kame yake yi ba.

Haka idan ciwon dasashi ya zaizaye ƙashin da ke riƙe da haƙorin har yana rawa sosai, gyaran cikinsa bai da amfani.

Akwai kuma tambayar, wane haƙori ne? Na can ƙurya da ke fitowa bayan mutum ya girma, idan ya fito a karkace ba ya tauna komai, ba a cika wahala a kansa ba. Amma turmin farko, wanda ke fitowa tun yaro yana shekara 6, shi ne ginshiƙin tauna, ana ƙoƙari sosai a kansa.

Lafiyarka ma tana cikin lissafi. Ka faɗa wa likita idan kana da ciwon suga, sikila, ciwon zuciya, ko kana shan maganin tsinka jini. 'Yar'uwa, idan kina da juna biyu ki faɗa, ba a hana ki magani, tsari ne kawai zai canza. Wanda aka taɓa yi wa gashin kansa a wajen muƙamuƙi, cire masa haƙori yana da haɗari don ƙashinsa ba ya warkewa da sauri, shi an fi son a gyara.

Yanzu maganar kuɗi, don ita ce take yanke hukunci a wajen yawancinmu. Cirewa ta fi araha nesa ba kusa ba, kuma zama ɗaya ne. Ba laifi ba ne mutum ya ce ƙarfinsa kenan, cire haƙori ya fi zama da mugunya a baki sau dubu. Amma a san abin da ake saya. Giɓi ba ya zama yadda aka bar shi. Ƙashin wurin yana motsewa, musamman a watannin farko. Maƙwabtan haƙora suna karkatowa, na sama yana zazzagowa don ya rasa abokin karo. Idan daga baya kana son cike giɓin, ko haƙorin roba ne, ko dashe, shi kuma dashe ya fi rut kanal tsada. Don haka ka tambayi kuɗin tafiyar duka: rut kanal da hula nawa, cirewa da cike giɓi nawa.

Wasu sun ga bidiyo a Facebook ko TikTok cewa rut kanal yana jawo kansa. Tsohon zance ne. Wani likitan haƙori mai suna Weston Price ne ya yaɗa irin wannan ra'ayi a Amurka wajen shekarun 1920, cewa haƙorin da aka cire wa jijiya yana haddasa cututtuka a jiki, aka yi ta zubar wa mutane haƙora. Binciken da ya biyo baya bai tabbatar da maganarsa ba, likitoci suka watsar da ita. Fim ɗin da ya sake tayar da zancen ma, Netflix ta sauke shi a 2019.

Abu ɗaya ne ba ya jiran shawara. Idan kumburi ya sauko ƙasan haɓa ko ya haura wajen ido, ga zazzaɓi, baki ba ya buɗuwa, haɗiyar yawu ko numfashi yana wuya, a tafi asibiti a daren, ba sai gari ya waye ba. Irin wannan kumburi yana iya toshe hanyar numfashi.

Wanda kuma aka yi wa rut kanal, kada ka ce zafi ya tafi ka ƙi komawa a sa hula, cikon wucin gadi ba ya daɗewa. Bayan kamar shekara ɗaya a sake ɗaukar hoto a ga ko tabon ya ragu. Idan bai ragu ba, ana iya sake wanke hanyoyin, ko a yi ɗan aiki a yanke ƙarshen saiwar, kafin a zo maganar cirewa.

A nan za mu dakata. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.