Mu san dangin shukokinmu

 Yau za mu yi hira bisa shukokin gona. Kamar yadda mutane suke da dangi, haka shuka ma take da nata.

Masana sun raba shukoki masu fure gida 2 manya. Kuna iya gane su da kanku. Ku jiƙa ƙwayar wake da ƙwayar hatsi su kwana cikin ruwa. Da safe ku murza su. Wake zai rabe biyu kamar goro. Hatsi ba ya rabewa.

Gida na fari shi ne na masu ɓari guda: hatsi, dawa, masara, shinkafa, albasa, har da giginya da goriba. Ganyen hatsi dogo ne, jijiyoyinsa sun miƙe jere da juna. Saiwoyinsa sirara ne, masu yawa kamar gashi.

Gida na biyu shi ne na masu ɓari biyu: wake, gujiya, kuɓewa, yakuwa, gawo. Jijiyoyin ganyensu sun sarƙe kamar raga. Suna da uwar saiwa guda wadda ke nutsewa ƙasa.

To, mine ne amfanin wannan sani ga manomi?

Cikin gida na biyu akwai dangin wake, masu yin ƴaƴa cikin kwanso. Gujiya da gawo da bagaruwa duk danginsa ne. Kuɓewa da yakuwa ba sa ciki. Ku tuge wake guda lokacin da ya fara fure, ku dubi saiwarsa. Za ku ga ƴan ƙululai. Wannan ba ciwo ba ne. Wasu ƙananan halittu ne ke zaune ciki, waɗanda ido ba ya gani. Suna ɗaukar azot daga iska su ba shuka. Azot shi ne abincin da muke saye cikin takin ure, alhali kashi 78 cikin 100 na iska azot ne. Ku fasa ƙululu guda. In cikinsa ja-ja ne, to, suna bisa aiki.

Hatsi ba ya da irin waɗannan ƙululai. Abin da ya tarar cikin ƙasa shi yake ci. In kuka shuka shi kaɗai wuri guda kowace shekara, babu taki, gona za ta gaji, ƙuduji ya yawaita. Amma ƙudujin hatsi ba ya kama wake ko gujiya. Saboda haka ku riƙa canzawa: bana hatsi, baɗi wake ko gujiya. In an gama girbi, ku bar saiwoyin cikin ƙasa su ruɓe.

Gawo kuwa yana zubar da ganye da damina, inuwarsa ba ta danne hatsi. In kuka ga ɗan gawo ya tsiro a gona, kada ku sare shi.

Ga aikin wannan mako: kowa ya zo aji da ganye 2, guda daga kowane gida, ya rubuta sunansu a allo. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.