Karatun Gida ko Makarantar Gwamnati: Zaɓin da ke Gaban Iyayen Zongon Kwatano Kafin Shiga Jami'a



Gabatarwa

A gidaje da yawa na Zongo, da zarar yaro ya ci jarrabawar CEP ta gama firamare, sai muhawara ta tashi: a tura shi makarantar gwamnati, ko a riƙe shi a gida ya sauke Alƙur'ani, ya karanta Ahalari da Ishmawi da Risala a zauren malam, yana taimakon mahaifinsa a kanti? Maƙasudin wannan takarda shi ne ta nuna cewa hukuncin da ake yanke wa yaro yana ɗan shekara 12 shi ke buɗe masa ƙofar jami'a ko ya rufe ta yana ɗan shekara 19, kuma Zongo na da halin ba 'ya'yanta ilimin addini da na zamani a tare.

Hanyar da ke kai wa jami'a

Tsarin ilimin Jamhuriyar Benin a bayyane yake. Shekara 6 a firamare, shekara 4 a zangon farko na sakandare a rufe da jarrabawar BEPC, sannan shekara 3 a rufe da Bakaloreya, wadda kowa ke kira Bak. Da Faransanci ake yin dukkansu. Jami'ar Abomey-Calavi, wadda aka kafa a 1970 da sunan Jami'ar Dahomey, da ta Parakou da aka buɗe a 2001, duk Bak suke tambaya, kuma makin da ɗalibi ya samu shi ke nuna sashen da zai shiga da tallafin da zai samu. Mai burin aikin likita ko injiniya yana buƙatar Bak na rukunin C ko D, inda lissafi da kimiyya suka fi nauyi.

Tsarin mulkin 11 ga Disamba 1990 ya wajabta karatun firamare, ya kuma ba ƙungiyoyin addini damar buɗe makarantu da izinin hukuma. A 2006 gwamnatin Boni Yayi ta soke kuɗin makarantar firamare, daga baya aka yafe wa 'yan mata kuɗin zangon farko na sakandare.

Me ya sa iyaye ke riƙe yara a gida?

Bai kamata a ɗauki waɗannan iyaye a matsayin maƙiya ilimi ba. Suna ganin cunkoson azuzuwa, inda malami ɗaya ba ya iya sanin halin kowane ɗalibi. Suna tsoron yaro ya tashi ba salla ba kunya, yarinya ta faɗa hannun abokan banza. Makarantar gwamnati ba ta koyar da addini. Ga kuma masu digiri na yawon neman aiki, alhali yaron da ya tashi a kasuwar Dantokpa ya riga ya yi jari. Karatun zaure kuwa yana da abin da ajin gwamnati ya rasa: malam na biya wa kowane almajiri karatunsa shi kaɗai, ba a wucewa gaba sai an iya, ga ladabi, ga ƙarfin hadda.

Iyakar karatun gida

Wasu na kafa hujja da Amurka, inda doka ta halatta karatun gida a dukkan jihohi 50. To amma can iyayen da ke koyarwa sun bi ta makarantar da kansu, da harshen gidansu ake jarrabawar, kuma jami'o'i sun saba karɓar irin waɗannan ɗalibai. Jamus kuwa ta hana karatun gida, Faransa kuma tun dokar 2021 sai da izini. A Zongo yaro na jin Hausa, yana iya tsintar Dandanci da Yarabanci da harshen Fon a titi, amma Faransancin rubuta sharhin falsafa ba ya samuwa a bakin kasuwa, kuma ba gidan da ke da ɗakin gwajin kimiyya.

Gaskiya ne ana iya zama jarrabawar Bak a matsayin ɗalibi mai zaman kansa. Wannan ƙofa rahama ce ga wanda karatunsa ya yanke, sai dai hanya ce mai wuya ga wanda bai taɓa zama a ajin sakandare ba. Mai zurfin Larabci yana iya nufar Azhar ko Madina ko Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar, amma gurabensu kaɗan ne, su ma takardar sakandare suke nema, kuma idan ya dawo ba Faransanci, aikin gwamnati zai yi masa nisa. Neman takarda ta ɓarauniyar hanya kuwa kowa ya ga ƙarshensa: a Janairun 2024 Najeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin makonni 6. Har waɗanda suka yi karatun gaskiya abin ya shafa.

Shawarwari

Haɗa ilimin biyu tsohon al'amari ne a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. A Kano an buɗe makarantar horar da alƙalai a 1934, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci, a Say kuma aka kafa madarasar Faransanci da Larabci a 1957. Bisa wannan nake ba da shawarwari huɗu.

Na farko, yaro ya shiga makarantar gwamnati ko mai zaman kanta da hukuma ta amince da ita, malaman allo kuma su tsara karatunsu bayan asuba da bayan magariba da Asabar da Lahadi da dogon hutu.

Na biyu, kwamitin Babban Masallacin Zongo da attajiranmu su ɗauki nauyin darussan dare na Faransanci da lissafi, ɗalibanmu na jami'a su koyar, domin mahaddatan da shekarunsu suka wuce su samu zama jarrabawa.

Na uku, iyaye su shiga ƙungiyar iyayen ɗalibai. Wanda ke tsoron tarbiyyar makaranta, maganinsa ya san malaman ɗansa da abokansa.

Na huɗu, kada a cire yarinya bayan BEPC. Matanmu na son likita mace da ungozoma mai jin Hausa, kuma daga cikin waɗannan 'yan mata za su fito. Yaron da hankalinsa ke kan sana'a kuwa, ga makarantar fasaha ta Coulibaly a nan cikin gari.

Kammalawa

Tarbiyya haƙƙin gida ce, ba makarantar da za ta ɗauke mana ita. Takardar shiga jami'a kuwa a hannun hukuma take, kuma tana da sharuɗɗan da ba za su canza domin mu ba. Uban da ya bar wa ɗansa hanyoyin biyu a buɗe ya sauke amana, ko yaron ya zaɓi malanta, ko kasuwanci, ko asibiti. Ina roƙon wannan taro kada ya watse sai ya naɗa kwamitin da zai fara darussan dare kafin komawa makaranta ta gaba.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba su ilimi mai amfani.