Takardar Ɗan Aike: Yadda Za a Auna Bayanin Manhajar Neman Sake

Shugaban taro, malamaina, 'yan'uwa ɗalibai.

Misalin da na zo da shi yau giya ce, kuma na san zauren da nake magana a ciki. Sake giyar shinkafa ce ta mutanen Japan, haramcinta ga musulmi ba abin jayayya ba ne. Na ɗauko ta ne saboda sunayenta da lambobinta suna saurin ɓatar da baƙo, ɓatan baƙo kuwa shi ne ya tara mu.

A watan Nuwamba na 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da ƙa'idar MCP, wadda ke ba ƙirƙirarriyar basira damar kiran wasu ƙananan manhajoji su yi mata aiki. Kowace manhaja tana gabatar da kanta da abu uku: sunanta, bayanin aikinta, da guraben da za a cike mata. Ɗan aiken na'ura, wato basirar da ke kiran manhajar, ba ya leƙa cikinta. Waɗannan 'yan layuka yake karantawa, ya yanke ko zai kira ta da abin da zai zuba a kowane gurbi. Yaro ne aka aika kasuwar garin da bai taɓa zuwa ba, da takarda a hannu, wanda ya rubuta ta kuma ya yi nisa.

To, a ce takardar manhajar neman sake ta nuna gurbi ɗaya mai suna surfe, ta ce a sa lamba, ta yi shiru. Masu dafa sake suna surfa shinkafa har ƙwayar ta ƙanƙance, kuma lambar da suke kira seimai-buai ita ce abin da ya rage bayan surfen. Nau'in da ake kira ginjo sai ya zama kashi 60 cikin ɗari ne suka rage ko ƙasa da haka, daiginjo kuma kashi 50 ko ƙasa. Wadda ake kira Dassai 23, kashi 77 na ƙwayar ya tafi dusa. Ke nan ƙaramar lamba ita ce surfe mai yawa. Idan mutum ya nemi wadda aka fi surfawa, ɗan aike yana iya farauto babbar lamba, ya kawo mai 70. Babu alamar kuskure da za ta fito, amsar za ta zo tsaf, kuma baya ce da gaba. Wannan shi ne abin da ya fi damuna, domin jimla guda a takardar ta isa ta hana shi. Haka ma'aunin nihonshu-do yake: lambar da ke sama da sifili tana nuna ƙarancin zaƙi, ta ƙasa da sifili kuma yawansa.

Sai sunaye. Kamfanin da ke yin sake mai suna Kubota a lardin Niigata sunansa Asahi Shuzo, kuma mai yin Dassai a lardin Yamaguchi ya shafe shekaru da wannan suna. A rubutun Japan haruffansu daban ne, a boko sun zama ɗaya. Dole takarda ta faɗi wane rubutu gurbin yake karɓa, ta kuma jera lardunan Japan 47 yadda take son a rubuta su. Ita kanta kalmar sake a Japananci kowace irin giya take nufi, ta shinkafar nihonshu suke ce mata, a jikin kwalba kuwa seishu ake rubutawa. Mu kuma a Hausa sake na nufin maimaita, don haka mai tambaya da harshenmu ya fi kowa buƙatar bayanin ya fito fili.

Abin da manhajar ke dawowa da shi ma sai an faɗa. Farashin na kwalbar mililita 720 ne ko ta lita 1.8? In ba a sami komai ba, babu kayan ne ko an kuskure rubutun? Yaushe aka sabunta bayanan? Ta kuma ambaci iyakarta, cewa nema kawai take yi, ba ta sayarwa.

Ni ba na auna takarda da tsawonta. Gwajin da na yarda da shi ba ya cin ko sisi: ka miƙa takardar ita kaɗai ga abokin karatunka da bai taɓa jin labarin sake ba, ka ba shi tambaya goma, ya cike guraben da biro. Kada ka ce masa uffan. Duk inda ya ɗago kai ya dube ka, sa alama, nan ne na'ura za ta yi kame-kame ba tare da ta ɗago kai ba.

Wasunku za su rubuta manhajar farashin hatsi a kasuwar Dawanau. Ina roƙonku, kafin ku miƙa aikin, ku rubuta ko farashin na mudu ne, ko na tiya, ko na buhu, da ranar da aka ɗauke shi, sannan ku yi masa wannan gwaji.