Jawabi a kan Shawarar Ƙasashe da Rabon Mutanen Bakin Iyaka

Ya ku malamai da almajirai na Bafarawa da Isa da Sabon Birni, ku sani kowace ƙasa tana da abin da take gabatarwa kadan ta shiga taron ƙasashe, kamar yadda mai gida yake sanin bukatarsa tun bai isa fada ba.

Nijeriya ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya ran 7 ga Oktoba 1960, ita ce ta 99. Tun zamanin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta ce al'amarin Afirka ne farkon abin da ya dame ta. Daga baya ta shiga neman kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu, inda ƙasashe 5 kaɗai suke da ikon hawa kujerar na ƙi: Amurka, Ingila, Faransa, Rasha da Sin. A 2005 ƙasashen Afirka suka haɗa baki suka nemi kujeru 2. Nema ne mai kyau, ban ƙi shi ba.

Amma mu Gobirawa, wace shawara ta fi kusa da tukunyarmu? Ku tuna Turawan Ingila da na Faransa ne suka tsaga Gobir biyu, Tsibiri ta faɗa can, Sabon Birni ta faɗo nan, alhali kaka ɗaya ne. Saboda haka abin da aka ƙulla a Ikko ran 28 ga Mayu 1975, watau ECOWAS, namu ne. A 1979 aka yarda talakan ƙasashen nan ya ƙetare iyaka ya zauna kwana 90 ba biza. Kuma ga maganar ruwa. Gulbin Maraɗi daga ƙasarmu yake tasowa, ya ratsa Nijar, sa'an nan ya komo ya zuba a Rima. Wanda ya tare shi a sama ya taɓa fadamar na ƙasa, ko wace tuta ke kansa. Don haka ne ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri a 1990 a kan rabon ruwan da suka yi tarayya.

To, ku duba 2023. Ran 26 ga Yuli soja suka tuɓe Bazoum a Yamai. ECOWAS, Tinubu na shugabantarta, ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wuta. Hujjarsu ita ce kada juyin mulki ya zama al'ada, kuma hujja ce mai nauyi. Sai dai wa ya ɗauki kayan? Falke da mai jaki, da 'yan'uwanmu da suka tsere wa 'yan bindiga tun 2019 suka fake a ƙasar Maraɗi. Wanda ya yanke hukuncin bai san farashin gero a kasuwar Sabon Birni ba.

Da zancen yaƙi ya yi ƙarfi, Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar da Janar Abdussalami suka tafi Yamai, malamai ma suka tafi suka gana da Janar Tiani. Aka ɗage takunkumi a Fabrairu 2024. Duk da haka zuciya ta riga ta ɓaci, Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ECOWAS ran 29 ga Janairu 2025.

Kadan wakilanku suka zo neman ƙuri'a, ku tambaye su: hukumar haɗin gwiwar Nijeriya da Nijar da aka kafa a 1971, yaushe ta zauna a kan dajin da ɓarayi suke ƙetarawa tsakanin Isa da Gidan Runji?

Haza wassalam.