JIRIN DA KE TASOWA DAGA CIKIN KUNNE

Shugaba, iyayenmu, 'yan'uwa mazauna Karmo da kewaye, mun gode da wannan dama.

Mu 'yan kasuwa ne ba likitoci ba, to amma abin da ya shafi neman abincinmu dole mu yi magana a kai. Mukan ga mutum a Wuse ko Dei-Dei yana cikin ciniki sai ya dafe bango, duniya na juya masa, ga amai, ga kunne ɗaya ya toshe yana ƙugi. Nan take wani ya ce hawan jini ne, wani taifot, wani ya ce ai iska ce. Alhali sau da yawa daga kunne ne.

Can ciki, bayan dodon kunne, akwai sikelin da ke daidaita tsayuwar mutum. In ruwa ya taru a wurin, sai sikelin ya rikice. Wani likitan Faransa, Meniye, ya bayyana cutar a 1861. Jirin yakan ɗauki minti 20 har zuwa awa 12, ya tafi, ya dawo ba sallama. Ku dubi direbanmu a hanyar Zuba, ko magini a saman bene!

Likita yakan fara da ƙwayoyi da rage gishiri (har da dunƙule, iyayenmu mata). In abin ya ƙi, akwai allura. Ana kashe zafin dodon kunne, a tsira siririyar allura a zuba magani a bayansa, mutum ya kwanta kamar rabin awa, ya tafi gida. Maganin iri biyu ne. Sitiroyid ba ya taɓa ji, sai dai wani lokaci a maimaita. Jentamaisin kuwa raunana sikelin da ya lalace yake yi da gangan, kuma yana iya tafiya da sauran jin. A wani gwaji na mutum 60 a Ingila da aka buga a 2016, duka biyun sun rage jirin da kusan kashi 90 cikin 100.

To, a nan ne muke roƙo. Jentamaisin ɗin nan yana nan a kemis da araha. Don Allah kada wanda ya ji jawabin nan ya ce yaron kemis ya tsira masa. Kurumtar da yake jawowa ba ta warkewa. Aikin likitan kunne ne, bayan ya auna ji. Akwai su a Asibitin Ƙasa, da asibitin koyarwa na Gwagwalada, da cibiyar kunne ta ƙasa a Kaduna.