Bango, Katanga ko Shinge? Kalmar "wall" da 'Yan'uwanta a Ingilishi

 Gaisuwa ta musamman ga makiyaya da ke ruga ko kan hanyar mashaya, da 'yan kasuwar da ke kai da komo tsakanin Ƙonni da Illela, Maraɗi da Jibiya, ko masu kora dabbobi zuwa Maigatari. Da yawanmu Faransanci muka fi ji, amma da an tsallaka Nijeriya sai takarda da allon sanarwa su koma Ingilishi. To, yau kalma ɗaya za mu ɗauka, wato "wall", wadda ake furtawa kamar "wol", mu duba ta da 'yan'uwanta.

Mu Hausawa mun rarrabe abin dalla-dalla. Na ɗaki bango ne, na kewayen gida katanga, na birni ganuwa, na kara kuwa danga. Bature ya haɗa ukun farko a kalma guda. Bangon ɗaki "wall", katangar gida "wall", ganuwar Kano ma "city wall" ake ce mata. Sharaɗin dai shi ne abin ya zama gini, na ƙasa ko dutse ko bulo. Asalin kalmar daga Latinanci ne, "vallum", tudun ƙasa mai turaka da sojojin Rum ke kewaye sansaninsu da shi. Rumawan nan sun fara wata ganuwa a arewacin Ingila a shekara ta 122, mai tsawon kilomita kusan 117, kuma har yau ana ganin ragowarta.

Ta biyu ita ce "fence". A Ingila, wannan shinge ne na waya ko katako ko ƙarfe, wanda ba gini ba. Amma a lura, a Ingilishin Nijeriya ko katangar bulo da ta kewaye fili "fence" suke ce mata. Saboda haka in dillali ya ce maka fili ko kanti "fenced" ne, kada ka biya kuɗi a kan kalma. Je ka gani da idonka, waya ce ko bulo, don kuɗinsu ba ɗaya ba ne, tsaronsu ma haka.

Akwai kuma wata ma'anar "fence" da ya kamata kowane mai sayen dabba ya sani. A bakin 'yan sanda da kotu, "fence" shi ne mutumin da ke sayen kayan sata ya sayar. In ka ji jami'i ya nuna ka ya faɗi wannan kalma, wallahi ba maganar shinge yake yi ba, zargi ne mai nauyi. Kada ka gyaɗa kai don kawai ka san kalmar. Nemi tafinta, ka kira dillalin da ya tsaya a cinikin, ka fito da takardar kasuwa.

Sai "hedge", shingen tsirrai masu rai, kamar aguwar da manoma ke dasawa a gefen gona. Shi ma iyaka ne a idon mai gona da mai shari'a, ko da saniya na ganinsa ciyawa. Katangar langa-langa ko katako da ta raba shago biyu kuma, "partition" ake ce mata. Mai kama haya ya tambayi wa ke da ita kafin ya kafa mata ƙusa.

Yanzu mu hau hanya. Sandar nan da ake ɗagawa mota ta wuce a wurin duwan ko kwastan, sunanta "barrier", daidai da "barrière" ta Faransanci. Ita ana buɗe ta in an cika ƙa'ida. "Barricade" kuwa toshe hanya ne da gaggawa, da duwatsu ko tayoyi ko ganguna, galibi lokacin tarzoma. In direba ya ce akwai "barrier" a gaba, shirya takardunka. In ya ce "barricade", tsaya ka bincika kafin ka matsa. Haka nan in kun ji "trade barrier" a labarai, ba sanda ba ce, doka ce ko haraji da ke hana kaya shiga wata ƙasa.

Kalmomi biyu da ake yawan rikitawa su ne "border" da "boundary". Ta farko an fi faɗinta ga iyakar ƙasa da ƙasa. Ta biyu ita ce ake rubutawa a takardar gona, fili ko burtali. Iyaka ce ko babu gini, ko babu ko kara ɗaya a tsaye. Makiyayi ya ce bai ga shinge ba, takarda kuwa ta ce akwai "boundary". Nan rigima ke farawa.

Wani lokaci ma "wall" suna ne kawai. Shirin da ake kira "Great Green Wall", wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, an tsara shi daga Senegal zuwa Jibuti, kimanin kilomita 8,000, ya ratsa Nijar, Nijeriya, Chadi da Sudan. Ba bulo ko ɗaya, aikin dashen itatuwa ne da farfaɗo da ƙasa. Abin da ya shafi makiyayi a nan ba sunan ba ne. In an zo da aikin yankinku, ku tambaya: za a sa "fence"? Shekara nawa? Ina aka bar wa dabbobi hanyar ruwa? Haka titin "Wall Street" na birnin New York, cibiyar hada-hadar kuɗi ta Amurka: ya samo suna ne daga katangar da mutanen Holan suka yi a wurin a 1653, wadda ta daɗe da ɓacewa.

A salon magana kuma, in Bature ya ce bayansa na jingine da "wall", yana nufin tura ta kai bango. In ya ce wane yana zaune a kan "fence", yana nufin ya ƙi ɗaukar ɓangare, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Shawararmu ita ce, duk takardar da ka ga ɗaya daga cikin kalmomin nan a ciki, kada ka dangwala yatsa sai an fassara maka, an kuma kai ka wurin ka ga abin da ake nufi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Allah ya tsare hanya, ya albarkaci garke da kasuwa.