Jawabi ga Malamai da Almajirai a kan Ɓoye Sani

 

Ya ku malamaina, Allah ya gafarta muku, ya ku 'yan'uwana almajirai, an umurce ni in yi magana a kan gaskiya. Na duba na ga kadan na tsaya ina ce muku ƙarya haramun ce, kamar na kai goro Gwanja ne, gama ba wanda ke zaune nan da bai san wannan ba tun yana riƙe da allo. Abin da nake nufi mu duba shi ne ƙanwar ƙarya, wadda ba a cika ambatonta bisa buzu ba, watau ɓoye abin da ya wajaba a bayyana.

Dukanmu mun karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 ta hijira, daidai da 996. A babin ciniki ya hana algus da yaudara da ɓoye aibin haja da cuɗa mummuna cikin kyakkyawa. Kuma mun san hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce ta wurin tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki, yatsunsa suka taɓa danshi. Mai abincin ya ce ruwan sama ne ya buge shi. Annabi ya tambaye shi abin da ya hana shi sa jiƙaƙƙen a bisa domin mutane su gani, sa'an nan ya barranta daga mai algus. Ku lura fa, mutumin nan bai faɗi ƙarya da harshensa ba. Ruwan sama ya zuba haƙiƙa. Laifinsa duka shi ne yadda ya jera kayansa, busasshe a bisa, jiƙaƙƙe a ƙasa, ya yi shiru.

Mukan karantar da wannan babi muna tuna mai awon da ke lotsa gindin mudu, da mai nonon da ke ƙara ruwa, da mai huhun goron da ke jera manya a baki. To, ni na ce malami ma ɗan kasuwa ne, hajarsa ita ce sani, masu sayenta kuwa ba su da ikon cusa hannu su ji danshi, sai abin da ya gaya musu. Aibin hajar malami shi ne wurin da saninsa ya ƙare. Kowane malami yana da wannan wuri, komi girman rawaninsa. Wanda aka tambaye shi mas'alar da bai sani ba, ya gyara murya, ya kawo Larabci kaɗan, ya yanke hukunci domin kada a ce an ƙure shi a gaban almajiransa, wannan ya sa busasshe a bisa ke nan.

Ku dubi limaminmu Maliku ɗan Anas, mai Muwaɗɗa, wanda ya rasu a Madina a shekara ta 179 ta hijira, daidai da 795. An ruwaito cewa an taɓa yi masa tambayoyi 48, a cikin 32 daga cikinsu ya ce bai sani ba. An kuma ruwaito wani mutum ya zo masa daga tafiyar wata shida da mas'alar da mutanen garinsa suka aiko shi da ita, Maliku ya ce ba shi da amsarta. Mutumin ya rasa abin da zai koma ya gaya wa mutanensa, Maliku ya ce ya gaya musu haka nan, cewa Maliku bai sani ba. Wata shida na zuwa, wata shida na komawa, da hannu wofi! Da waninsa ne, da ya ji tausayin baƙon ya ƙago masa wani abu. Amma saboda waɗannan 32 ne muke amincewa da sauran 16. A zamanin nan kuwa abin ya fi tsanani, gama tambaya kan zo ta wayar hannu da hantsi, kafin magariba amsar ta shiga kunnuwan da malamin bai taɓa ganin masu su ba, kuma ba shi da hanyar kiranta ta komo.

Wannan ƙofa ɗaya ke nan. Ta biyu ta fi ta ciwo, ita ce malami ya sani ya yi shiru. Allah ya yi narko mai tsanani a Suratul Baƙara a kan masu ɓoye abin da aka saukar bayan an bayyana shi ga mutane. Inda na fi ganin wannan a ƙasarmu shi ne wurin rabon gado. Mutum ya mutu ya bar gona da gida. A kira malam. Babban ɗa yana zaune kusa da shi, shi ne mai yanka masa rago da salla. Matar mamacin da 'ya'yansa mata suna can cikin gida bayan zana. Malam ya sani matar tana da tumuni, watau ɗaya cikin takwas, idan akwai 'ya'ya, da rubu'i idan babu. Ya sani ɗiya tana da rabin rabon ɗa, kuma wannan rabo ya shafi gona kamar yadda ya shafi tufafi da kwanuka. Amma sai a ce gona ba a raba ta, ta maza ce, mata su riƙa karɓar dami da kaka. Malam ya duba ƙasa, ya ja carbi, ya yi fatiha. Bai faɗi ƙarya ko guda ba. Shekara ashirin bayan haka ɗiyar nan, mijinta ya sake ta, tana daka wa mutane hatsi domin dusa, alhali tana da kadada a gonar ubanta ba ta sani ba. Wa zai amsa wannan ranar tsayuwa? Babban ɗan jahili ne, watakila yana da abin cewa. Malam fa?

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yarda da shi, wanda ya rasu a 1817, ya zargi malaman ƙasar nan a littafinsa Nurul Albabi da cewa suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ba su sanar da su hukuncin tsarki da salla da azumi da ciniki, alhali suna tara almajirai safe da maraice, kuma ya danganta wannan ga riya da neman girma. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajis, ta riƙa aika su ƙauyuka da waƙoƙi cikin harshen da matan suke ji. Mu da muke rantsuwa da son Shehu, nawa ne cikinmu matarsa ta san rabonta a dukiyarsa?

Na san abin da wani zai ce: kara da kunya, kuma rufin asirin musulmi ibada ce. Gaskiya ne. Ba a ce ka tona laifin da mutum ya yi tsakaninsa da Ubangijinsa ba, ba a kuma ce ka ɗauki maganar wannan zaure ka kai wancan ba, wannan annamimanci ne, sunansa dabam. Amma idan shirunka zai jawo wa wani hasara a dukiyarsa ko jikinsa ko addininsa, to kara ta ƙare nan. A cikin Muwaɗɗa ɗin da ke gafakarku akwai labarin Faɗimatu ɗiyar Ƙaisu, da ta gaya wa Annabi cewa Mu'awiya da Abu Jahmin suna neman aurenta. Bai ce mata duka mutanen kirki ne, Allah ya zaɓa mafi alheri, kamar yadda muke cewa mu kuɓutar da kanmu ba. Ya gaya mata ɗaya ba shi da dukiya, ɗayan kuwa sandarsa ba ta sauka daga kafaɗarsa, sa'an nan ya nuna mata Usamatu ɗan Zaidu. Sahabbai ne su biyun, amma ta nemi shawara, aka ba ta gwargwadon abin da take bukata, ba ƙari.

Ku kuma almajirai, ina roƙonku abu guda. Kadan malaminku ya ba da hukunci, ku tambaye shi da ladabi a wane littafi yake, a wane babi. Malamin ƙwarai zai yi murna ya buɗe muku. Wanda ya iya rabon gado cikinku kuwa, ya rubuta farillan nan shida da ajami a takarda guda, rabi da rubu'i da tumuni, sulusi biyu da sulusi da sudusi, da waɗanda ke cin kowane, ya shiga da ita cikin gida ya karanta wa uwarsa da ƙannensa mata kafin ya kai ta ko'ina.

Allah ya gafarta mana, mu da iyayenmu da malamanmu. Wassalamu.